Hutu a Laos: me Musulmi zai ci, me zai kauce wa?

Ɗalibin_Kunming
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatu a Kunming da ke kudancin ƙasar Sin, kuma hutun sanyi ya matso. Akwai 'yan ajinmu biyu 'yan Laos da suka matsa mini lallai sai na bi su gida, tunda yanzu jirgin ƙasa na tashi daga nan har Vientiane, babban birninsu. Tafiyar ba ta dame ni ba, cikina nake tunani. Duk hoton abincin da suka nuna mini, in ba alade ba ne to wani abu ne da na kasa gane kansa. Akwai wanda ya taɓa zuwa? Musulmi zai iya zama a can ba tare da ya koma kan biskit da ruwan gora ba?

ƊanFagge
Wa alaikumus salam. Duk faɗin duniyar nan ka rasa inda za ka sai Laos? Ni ko a taswira ban san inda take ba.

Bakatsine_77
@ƊanFagge buɗe taswirar wayarka mana. Tana maƙale tsakanin Sin daga arewa, Biyetnam daga gabas, Kambodiya daga kudu, Tailan daga yamma, sai Miyanma ta ɗan taɓa ta a arewa maso yamma. Ita kaɗai ce ba ta da teku a kudu maso gabashin Asiya. Kogin Mekong shi ne hanyarta, shi ne tukunyarta. Mutanenta sun haura miliyan 7.

Baban_Iman
Ɗana, kafin maganar ciki a fara da maganar fasfo. Lokacin da aiki ya kai ni can, masu fasfon Najeriya, Nijar, Gana da Kamaru ba sa cikin waɗanda ake buga wa biza a bakin iyaka. Kada ka ga Turawa na hawa jirgi hannu rabbana ka ce kai ma haka. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Laos a nan Kunming ɗin, ka je da ƙafarka ka ji ƙa'idar da ake bi yanzu.

To abinci. Ba za ka kwana da yunwa ba, domin tushen abincinsu shinkafa ce tsura, ba mai ba gishiri. Amma ba irin wadda ka sani ba ce, mai danƙo ce, khao niao suke ce mata. Da dare ake jiƙa ta, da asuba a tsame a zuba cikin wani kwando na gora mai tsinin gindi, a ɗora shi a bakin tukunya, tururi ne ke dafa ta, ba ta taɓa ruwa. In ta yi rabi sai matar gida ta girgiza kwandon ta wuntsila ta gaba ɗaya, ƙasa ya dawo sama. Daga nan a baza ta a faranti ta sha iska, a cusa cikin ƙananan kwanduna masu murfi. Da hannu ake ci. Ka gutsuro, ka mulmula a tafin hannu, ka dangwali miya ko ka haɗo da kifi. Ba ta manne wa yatsu, ita da kanta take manne wa juna. In ka ƙoshi ka mayar da murfin kwandon, haka ladabin yake.

Ka haɗa ta da gasasshen kifin kogi. Sukan cusa masa ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami a ciki, su shafe bayansa da gishiri, su matse shi tsakanin tsagin gora su gasa a garwashi. Kana tsaye ake yi, ba abin da ya ɓuya.

Uwar_Biyu
Baban Iman ya faɗi gaskiya, amma ya nuna maka gefen da ke da sauƙi. Mu a Bankok muke zaune da maigidan, kuma mukan tsallaka Vientiane ta gadar Nong Khai. Aladen da ka gani da ido ba shi ne matsala ba ƙanina, wanda ba ka gani ba shi ne. Romon taliyarsu, ko da kaza ka ce a sa maka, sau da yawa da ƙashin alade aka dafa tukunyar. Khao soi, wani romon taliya na garin Luang Prabang, niƙaƙƙen naman alade ne a kansa. In ka ga wasu 'yan gutsattsari masu ruwan ƙasa-ƙasa suna yawo a romo kamar hanta, daskararren jini ne. Akwai kuma wani yajin dangwale mai zaƙi-zaƙi, jeow bong, wanda kowa zai ce maka barkono ne kawai da tafarnuwa, alhali ana yanka fatar ɓauna a ciki.

Ka sa abokanka su rubuta maka "bo kin sin mu" da harafinsu a waya, wato ba na cin naman alade. Amma kada ka tsaya nan, ka nuna tukunyar romon ka tambaya. Mai sayarwar ba cutar ka za ta yi ba, ita dai a wurinta romo ba nama ba ne.

Ɗalibin_Kunming
Na gode Baba, na gode Anti. Wato kazar ma ba ta tsira ba ke nan.

Malam_Na_Zaure
Ai kazar tun asali ba ta shiga lissafi ba. Mutanen nan mafi yawansu mabiya addinin Buda ne, wasu kuma na gargajiya, ba Ahlul Kitabi ba ne balle a ce yankansu ya halatta. Kaza, saniya, ɓauna, agwagwa, duk ka haƙura sai inda ka tabbatar Musulmi ne ya yanka. Kifi ba ya bukatar yanka. Ka ga Allah ya sauƙaƙe maka, ƙasar kogi za ka.

ƊanFagge
Allah gafarta Malam, to in ya sayi kazarsa da rai a kasuwa ya yanka da kansa fa? Mu haka muke yi a birnin Gwanzu na Sin in an matsu.

Malam_Na_Zaure
Wannan kam ba magana. Sai dai a wanke tukunya.

Baban_Iman
Shawarar ƊanFagge ta fi kowace, musamman tunda gidan mutane za ka sauka. Ka yanka kaza ka ba uwar abokinka ta yi maka laap. Shi ne abincin alfarmarsu, wanda ba a biki babu shi. Ana sassara naman ƙanana, a ɗan dafa, a zuba ruwan lemun tsami, barkono, albasa mai lawashi, na'a-na'a da yawa, sannan a barbaɗa garin shinkafar da aka soya a busasshen kasko har ta yi ja aka daka. Wannan garin shi ne sirrin, yana ba shi ƙamshi da ɗan garas-garas a baki. Ana yin na kifi ma.

Zee_Abuja
Laap ai na Tailan ne, a gidan abincin 'yan Tailan na ci shi.

Bakatsine_77
Hajiya Zee, a Tailan kika ci amma na Lao ne. Yankin Isan na arewa maso gabashin Tailan mutanensa Lao ne a harshe da abinci, kuma sun ninka waɗanda ke cikin Laos ɗin kanta yawa. A da duk daula ɗaya ce, Lan Xang, wadda Fa Ngum ya kafa a 1353. Daga baya ta rabu, Siyam, wato Tailan ta yau, ta danne ta, har ta ƙona Vientiane a 1828 bayan tawayen sarki Anouvong. Da Faransawa suka zo a 1893 sai kogin Mekong ya zama iyaka, dangi suka rabu gaɓa biyu. 'Yan Isan masu zuwa ci-rani Bankok su ne suka kai laap da kwaɗon gwanda can, duniya kuma ta san su da sunan Tailan.

Uwar_Biyu
Tunda an ambaci kwaɗon gwanda, tam mak hoong, bari in gargaɗe ka kan padaek. Kifin kogi ne ake cakuɗawa da gishiri da dusar shinkafa, a toshe a tulu watanni, wani har shekara. Ruwansa kauri ne da shi, launin toka-toka, da guntayen kifi a ciki. Ranar da na fara shiga kasuwar safe na ji warin, na ɗauka wani abu ne ya mutu a kwata. Ita mai kwaɗon tana zaune da turminta na ƙasa, ta fere ɗanyar gwanda ta sassare ta siri-siri, ta jefa tafarnuwa, tumatir, lemun tsami, ta ɗago kai ta tambaye ka barkono nawa da yatsu, sannan ta kamfato padaek da ludayi ta zuba ta kirɓa. In ka ce mata biyu, ka yi hankali. In ka ce biyar, kai ka so.

ƊanFagge
Ruɓaɓɓen kifi ke nan a taƙaice. Allah ya kiyaye. Ɗalibi, ɗauki garin kwaki da ƙuli-ƙuli ka tafi da abinka.

Hajiya_Mai_Waina
Kai ƊanFagge, ka taɓa shiga gidan da ake yin daddawa ranar da aka buɗe ta? Amma in babu ita a miyar kuka kai ne na farkon yin ƙorafi. Kowa da warin da ya saba da shi.

Uwar_Biyu
Wallahi Hajiya haka ne. In ya shiga miya warin yakan kwanta, ɗanɗanon ya fito. Ni yanzu ina ci, amma dafaffe.

Sista_Jinya
Kalmar "dafaffe" ɗin nan a ja mata layi. Ba batun halal kaɗai ba ne. A yankin Mekong akwai tsutsar hanta da ake ɗauka daga ɗanyen kifin ruwan daɗi ko wanda bai gama dahuwa ba. Tana zama a magudanar matsarmama shekara da shekaru mutum bai sani ba, daga baya ta jawo ciwon daji. Yankin Isan da Laos na cikin inda wannan cutar ta fi yawa a duniya, kuma dalilin shi ne cin ɗanyen kifi. Suna yin laap ɗanye, na kifi da na nama, har da mai jini. Lemun tsami da barkono ba sa kashe tsutsar, wuta ce ke kashe ta. Ka ce a dafa maka. Sannan ka tafi da man shafawa na korar sauro, akwai zazzaɓin denge, kuma sauronsa da rana yake cizo. Ruwan famfo kuma a'a.

Ɗalibin_Kunming
Na rubuta, Sista. Masallaci fa? Ko Juma'a ɗaya zan so in samu.

Baban_Iman
A Vientiane za ka samu. Akwai masallacin Jamia a tsakiyar gari, cikin wani lungu kusa da dandalin Nam Phou, inda za ka haɗu da 'yan asalin Indiya da Fakistan. Akwai kuma masallacin Azhar na Musulmin ƙabilar Cham waɗanda suka gudo daga Kambodiya a zamanin mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge. Musulmin ƙasar tsiraru ne ƙwarai, ko kusa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Bayan sallah ka tambayi mutanen sahu inda suke sayen nama da gidajen abincin da suka yarda da su, su ne za su gaya maka gaskiya. In ka fita daga babban birni kuwa, sallayarka da manhajar alƙibla su ne masallacinka.

Mai_Kamara
Ku bar yaron nan ya ga gari mana, tun ɗazu ciki ake ta yi. In ka je Laos ba ka kwana a Luang Prabang ba, ba ka je ba. Tsohon birnin sarauta ne, a inda kogin Nam Khan ya haɗu da Mekong, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Ka hau dutsen Phousi da yamma, ka je Kuang Si inda ruwa ke zubowa daga dutse yana taruwa shuɗi-shuɗi. Sannan ka tashi da asuba. Gari bai gama wayewa ba za ka ga limaman Buda da almajiransu sun jero ɗaya bayan ɗaya, ƙafa ba takalmi, cikin mayafi ruwan goro. Tsofaffin mata sun durƙusa kan tabarma a bakin titi da kwandunan shinkafar da suka turara tun duhu, kowa ya zo wucewa a gutsuro a jefa masa a kwano. Ba mai magana, ba mai cewa an gode. Abin da ya ɓata min rai masu yawon buɗe ido ne da ke cusa musu kamara a fuska da walƙiya.

Malam_Na_Zaure
Kallo daga nesa daban, zama a jefa shinkafa daban. Wannan ibadarsu ce, suna neman lada ne da ita a addininsu. Kada masu tallar shinkafa a bakin titi su ja ka ka zauna.

Mai_Kamara
A nan ba mu saɓa ba Malam. Su kansu 'yan garin sun fi son wanda ba addininsa ba ne ya tsaya tsallaken titi ya yi shiru.

Baban_Iman
Wannan mai sauƙi ne. Wanda zai ba ka wuya yana cikin gidan abokanka, shi ne baci. In baƙo ya zo, ko ɗa ya dawo daga tafiya, ko aure, ko haihuwa, sai a tara dangi a zauna a ƙasa a kewaye wani tire da aka yi wa ado da ganyen ayaba da furanni da farin zare. Wani dattijo ya yi ta karanto fatan alheri, sannan kowa ya ɗauki zare ya ɗaura maka a wuyan hannu. A imaninsu jikin mutum na da kurwa 32 da kan yi yawo, zaren ne ke kiran su su dawo su zauna. Aƙalla kwana uku ake so ya yi a hannu, kuma kwancewa ake yi, ba a yankewa. Al'adar ta girmi zuwan addinin Buda ƙasar. Tunda 'ya'yansu daga karatu suka dawo, da wuya a ƙi yi. Bayan nan kuma a zagayo da lao-lao, barasar shinkafa.

Zee_Abuja
To mene ne a ciki? Zare ne fa kawai, karramawa ce. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura.

Malam_Na_Zaure
Ba kowace jela ake ɗaurawa ba Hajiya. Ba ki ji abin da aka ce zaren yake yi ba? Da a ce kwalliya ce da ba wanda zai yi magana.

Zee_Abuja
Shi ai bai ƙudurta hakan a zuciyarsa ba. Tsohuwa ta miƙo hannu da fara'a ta ce Allah ya kai ka gida lafiya, sai ka fizge hannu a gaban danginta?

Uwar_Biyu
Ba sai an kai ga fizge hannu ba. Ƙanina, tun kuna Kunming ka zaunar da abokanka ka gaya musu abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba, su isar wa iyayensu kafin ku iso. Mutane ne masu kawaici, ba sa son ɗaga murya ko kunyata mutum a cikin taro, don haka ka guji ba su mamaki. Ka haɗa tafin hannu a ƙirji ka ce sabaidee, ka cire takalmi a ƙofa, kada ka miƙe ƙafa tana nuna mutum, kada ka dafa kan kowa. Ka riƙa musu tsaraba. Barasar kuwa ko waɗanda suke sha su yi hattara, a Nuwamban 2024 baƙi shida suka mutu bayan sun sha gurɓatacciya a Vang Vieng.

Zee_Abuja
Ni dai har yanzu ina ganin an tsananta.

ƊanMaraɗi
Salamu alaikum. Ban taɓa zuwa ba, amma wani abokin aikina ya je taro ya ce ya iske dogon burodin Faransa ana saidawa a bakin hanya da safe, da kafe mai madarar gwangwani. Ashe su ma Faransa ta mulke su har 1975.

Bakatsine_77
1953 ne suka samu 'yanci, ɗan'uwa. A ranar 2 ga Disamba 1975 sarauta ce ta faɗi, 'yan gurguzu na Pathet Lao suka karɓi mulki, kuma har yau jam'iyya ɗaya ce. Burodin khao jee ne, gahawar kuma daga tudun Bolaven na kudu ake nomo ta.

Uwar_Biyu
Burodin ma a kula, abin da suke shafawa a ciki niƙaƙƙiyar hantar alade ce. Ka ce ƙwai kawai, kuma ka kalli kaskon.

Bakatsine_77
Abin da ya faru tsakanin 1953 da 1975 shi ne ya kamata mai zuwa ya sani. Daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba wa Laos bama-bamai sama da tan miliyan 2, don datse hanyar da Biyetnam ta Arewa ke bi da makamai ta cikin ƙasar. Cikinsu akwai ƙananan bama-bamai kimanin miliyan 270, kusan kashi 30 cikin 100 ba su fashe ba. Suna nan cikin gonaki, manomi ya kai fartanya ko yaro ya tsinta ya ɗauka ƙwallo ce. A Vientiane akwai cibiyar COPE mai yi wa mutane ƙafa da hannu na roba, ka shiga ka gani. In ka je Phonsavan kallon manyan tulunan dutsen nan na mutanen da, kada ka sauka daga hanyar da aka yi wa alama. A wani ƙauye na yankin ma narkar da ɓaraguzan ƙarfen yaƙin suke yi suna ƙera cokula.

Zango_Kumasi
Afuwan zan ɗan fita daga layi. Duk wanda wani dillali ya ce ya samo masa aikin kwamfuta a Laos mai albashi da dala, ya yi taka-tsantsan, musamman in aka ambaci lardin Bokeo, wajen iyakar Tailan da Miyanma. An sha ba da rahoton 'yan Afirka da aka karɓe wa fasfo aka tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Mai_Kamara
Gaskiya ne. Komawa kan hanya: ni da zan ba da shawara, kwalekwalen Mekong daga Huay Xai zuwa Luang Prabang ya fi jirgin ƙasa. Kwana biyu ne, a kwana a Pakbeng. Jirgin ƙasan rabin tafiyar cikin ramin dutse kake, me za ka gani?

Baban_Iman
Huay Xai ta wajen Tailan ce, shi kuma daga Sin zai shigo ta Boten, ka ga ka karkatar da shi. Layin dogon a Disamban 2021 aka buɗe shi, ya mayar da tafiyar Luang Prabang zuwa Vientiane kamar awa biyu, wadda a mota wuni guda ce cikin kwane-kwanen duwatsu. Daga Kunming zuwa Vientiane kusan awa goma ne har da tsayawar iyaka. Tikiti na ƙarewa da wuri, kuma ana binciken kaya kamar filin jirgin sama, wuƙa ko turaren fesawa sai a karɓe. Lokacin da ka zaɓa ma ya yi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ruwa ba zafi. Maris da Afrilu hayaƙin ƙona gonaki ke rufe arewa. Sai dai za ka rasa Pi Mai, sabuwar shekararsu ta tsakiyar Afrilu da ake watsa wa juna ruwa.

ƊanFagge
Wuƙar yankan kazar ke nan ta tafi. Sai ka ari ta gida.

Ɗalibin_Kunming
Na tura wa abokaina maganar baci, ɗaya ya yi dariya ya ce kakarsa ce matsalar, ba iyayensa ba. Anti Uwar Biyu, akwai wani abu kamar baƙar takarda mai riɗi da suka nuna mini, shi fa?

Uwar_Biyu
Kaipen ke nan, gansakukar kogi ce. A rani ake tsamo ta, a wanke, a baza ta fale-fale, a barbaɗa riɗi da yankakken tumatir da tafarnuwa, a shanya a rana. Sakan kaɗan take yi a mai, in ta wuce ta yi ɗaci. Ita kanta ba komai, amma da jeow bong ake kawo ta, ka ce a ba ka na tumatir ko na gauta maimakonsa. Ka nemi mok pa ma, kifi ne da ganyayyaki a ƙunshe cikin ganyen ayaba a turara.

Hajiya_Mai_Waina
Uwar Biyu, zanen nan nasu na saƙa mai ado a ƙasa da nake gani a hoto, sinh ko me, yana kai wa idon sawu? In yana kai wa, ɗalibi ya duba min kuɗin na alharini da na auduga a kasuwar dare ta Luang Prabang, ya turo min hoto kafin ya saya.